Yaya, ga amsar maganar riga da jirgin sama

Salamu alaikum Yaya, ya kasuwa, ya iyali, ya zafin Kano. Na ga bidiyon da ka turo min na matar nan da aka sauke daga jirgi saboda rigarta, da tambayar da ka ɗora a kai, wai ba mu ne muke cika muku baki cewa Amurka ƙasar 'yanci ce kowa ya faɗi son ransa ba, to ya aka yi riga kawai ta hana mutum tafiya. Saƙon murya ba zai ɗauki amsar ba shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ka karanta wa mutanen layinku ma, don na san a Kwari aka tayar da musun nan ba a gida ba.

Abin da yawanci ba a ganewa, kai har yaranmu da aka haifa a nan sai an zaunar da su an yi musu bayani, shi ne 'yancin faɗar albarkacin baki da ke cikin kundin tsarin mulkin Amurka gwamnati ya ɗaure wa hannu ba ɗan kasuwa ba. Gyara na farko da aka yi wa kundin a 1791 cewa ya yi majalisa ba za ta kafa dokar da za ta tauye magana ko addini ko jarida ba. Shikenan fa. Bai ambaci mai shago ba, bai ambaci mai otal ba, balle kamfanin jirgi.

Ka ji labari biyu ka gwada su. A 1968 lokacin yaƙin Biyetnam wani saurayi mai suna Paul Cohen ya shiga harabar kotu a Los Angeles sanye da jaket da aka rubuta ashar a jiki, yana zagin tsarin da ake tilasta wa samari shiga soja. Aka kama shi aka yanke masa kwana 30 a gidan yari, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, a 1971 alƙalai biyar cikin tara suka ce gwamnati ba ta da ikon hukunta shi a kan wannan rubutun. To a 2005 kuma wata mata ta hau jirgin Southwest daga Los Angeles za ta Portland, rigarta ɗauke da hoton shugaban ƙasa Bush da mataimakinsa Cheney da sakatariyar harkokin waje Condoleezza Rice, a ƙasa an rubuta kusan irin wancan ashar ɗin, da jirgi ya yada zango a Reno fasinjoji suka yi ƙorafi, aka ce ta rufe, magana ta ƙi daɗi, a nan tafiyarta ta tsaya. Ba a ɗaure ta ba, ba a ci ta tara ba, kamfani ne kawai ya ce ba a jirginsa ba. Shi wancan gwamnati ce ta taɓa shi, ita kuwa ɗan kasuwa ne.

Dalili kuwa, ranar da ka biya kuɗin tikiti ka riga ka amince da wata doguwar yarjejeniya da babu mai karanta ta, ni kaina sai da musu ya kama na nemo ta. A ciki kusan kowane kamfani ya rubuta cewa zai iya ƙin ɗaukar wanda ba takalmi a ƙafarsa, ko wanda ya bugu, ko mai kaya na batsa ko na cin zarafi, wasu har wari suka saka. A watan Janairun 2025 kamfanin jirgin Spirit ya ƙara fito da nasa fili, ya ambaci kaya masu shara-shara da zanen jiki na batsa. Kamar kai ne a rumfarka wani ya shigo da riga mai zagin iyayen mutane ga matan aure suna zaɓen atamfa, ai zaka ce malam fita, kuma babu alƙalin da zai ce ka tauye masa haƙƙi. Sai dai shi naka zai taka ƙafa biyu ya shiga rumfar gaba, fasinja kuwa ya biya kuɗi, an ajiye shi a garin da bai san kowa ba, watakila ɗaurin aure zai je ko jana'iza, kaga ikon nan yana da nauyi ba kaɗan ba.

Kuma da zarar ka shiga jirgi maganar kyaftin ita ce magana, wannan ba a Amurka kaɗai ba, tun yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ƙasashe suka amince matuƙi na da ikon sauke wanda yake ganin zai kawo hargitsi. Dokar Amurka ma ta bai wa kamfani damar ƙin ɗaukar wanda yake ganin barazana ne ga lafiyar tafiya. Shi ya sa wanda ya tsaya ɗaga murya da ma'aikata ya sauya wa kansa laifi, an bar maganar riga an koma ƙin bin umarni, wannan kuma 'yan sanda ne da tara ta dubban daloli.

Amma kada bidiyo ya ruɗe ka, yawanci abin baya kaiwa ga saukewa. Na taɓa gani da idona a ƙofar shiga jirgi, wani matashi da baƙar tishat mai rubutu ɓaro-ɓaro a ƙirji, ma'aikaciyar da ke duba kati ta ja shi gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ɗan yi gunaguni ya wuce banɗaki, sai ga shi ya dawo ya juya rigar bai-bai, ɗinki a waje, 'yar takardar wuya tana reto a ƙeya, ya miƙa katinsa ya shige ba wanda ya ƙara kallonsa. Wani a ba shi bargo, wani ya ruga shagon filin jirgi ya sayi riga mai sunan gari da kuɗin da zai ɗinka kaftani biyu a Kano. Waɗanda kuke gani a waya su ne wanda taurin kai ya haɗu da taurin kai.

To yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni, don na ji a muryarka kana jin daɗi an yi maganin marasa kunya. Nima ban ƙi ba, wallahi ina da 'ya'ya mata kuma bana son in zauna awa shida yarinya tana haɗa baƙin ashar a bayan wani. Amma yarjejeniyar nan ba ta zana abin da ake kira cin zarafi ba, an bar shi a idon ma'aikacin da ke bakin aiki ranar, da fasinjan da ya fara ƙorafi. Abin da ya ci Doma kuwa baya barin Awai.

A watan Agustan 2006 wani ɗan asalin Iraƙi, Raed Jarrar, zai hau JetBlue a filin jirgin JFK na New York, rigarsa an rubuta "ba za mu yi shiru ba" da Larabci da Turanci. Babu zagi babu batsa, baƙaƙen Larabci kawai. Aka ce sai ya rufe, aka sayo masa wata rigar ya ɗora, aka kuma mayar da kujerarsa can baya. Ya kai ƙara, ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta tsaya masa, daga ƙarshe aka sasanta aka biya shi dala 240,000. A watan Nuwamban wannan shekarar dai aka sauke limamai shida daga jirgin US Airways a Minneapolis bayan wasunsu sun yi salla a filin jirgi wani fasinja ya rubuta wa ma'aikata 'yar takarda, aka sa musu ankwa aka yi musu tambayoyi aka sake su ba laifi, su ma a 2009 aka sasanta. A 2016 wani ɗalibi aka sauke shi a Los Angeles don an ji yana waya da Larabci. Mu da muke nan waɗannan labaran muke tunawa in aka ce kamfani na da iko.

Abin da ya cece mu shi ne akwai wata dokar tarayya da ta hana kamfanin jirgi nuna wa fasinja bambanci saboda launin fata ko addini ko ƙasar asali ko jinsi, kuma ma'aikatar sufuri na karɓar ƙorafi a kai. Wato za a iya ce maka juya rigar ashar, amma ba a isa a ce hijabi ko rawani ko hula ya sa ba za a ɗauke ka ba. Ka tuna Faransa tun 2011 ta hana niƙabi a bainar jama'a, a nan babu irin wannan dokar, kuma wancan gyaran na 1791 da ya kare mai jaket ɗin ashar shi ne dai yake kare mai niƙabi. Shi ya sa in na ji ɗan'uwa yana cewa 'yancin nan ya yi yawa a rage, nakan tambaye shi na wa za a fara ragewa. Ni ra'ayina kamfani ya riƙe ikonsa, amma ya rubuta ƙa'idar dalla-dalla a inda mai sayen tikiti zai gani, kuma a auna kowa da mudu ɗaya.

Yadda mu Hausawan nan muke yi kuwa, lissafi ne kawai. Kaftani da hula muna tafiya da su lafiya lau, sau da yawa ma Bature ya tsayar da kai yana yaba ɗinkin. Babbar riga ce dai na daina sawa ranar tafiya, ba don an hana ba, na'urar bincike ce bata jituwa da ita, yalwar yadin da aikin zaren ƙirji sai su sa a ja ka gefe a yi ta lalube kana riƙe da hannuwa sama mutane na wucewa, yanzu a jaka nake ninke ta sai na sauka. Matanmu suna sa hijabinsu, sun dai koyi rage fil da sarƙoƙi, kuma sun san haƙƙinsu ne in za a taɓa lulluɓi su ce mace suke so kuma a keɓe. Humra ma a jakar hannu kada ta wuce mililita 100, hajiyoyi da yawa sun yi kuka a kan kwalbar da aka jefa a shara, kilishi kuwa kada ma ka fara, kwastan ba sa barin nama. Salla muna haɗawa mu yi ƙasaru kafin mu fito, in lokaci ya kama a nemi ɗakin ibada, JFK ma akwai masallaci a tasha ta huɗu, in a sama ne a yi a zaune ba tare da tare hanya ba. Dattawanmu na cewa kada ka ba da ƙofa, samarinmu kuma na cewa wannan tsoro ne, ƙasarsu ce ba za su rage murya don sun ce insha Allahu a waya ba. Musun nan har yau ba mu gama shi ba a masallacinmu, kuma in ka matsa min ina ganin yaran sun fi mu gaskiya, mu dai mun fi su sanin wahalar rasa jirgi.

Ku a Kano abin a juye yake, hukuma ce ke sa ido a kan sutura, Hisba ce ke kamu, ai baka manta 2021 ba da ta hana mutum-mutumin tallan kaya a shaguna. Kundin Najeriya ma ya ba da 'yancin magana a sashe na 39, sai sashe na 45 ya buɗe wa gwamnati ƙofar taƙaita shi saboda tarbiyya da zaman lafiya. Kuma maganar kamfani da sutura ba baƙuwa ba ce a wajenku, mai zuwa Umara ya san Saudia na da ƙa'idar kaya, a 2017 ma ta taɓa cewa gajeren wando zai iya hana namiji hawa.

Sai maganar yaronka da zai taho karatu. Dan Allah kafin ya rufe jaka a samu wanda ya ji Turancin titi, ba na makaranta ba, ya duba masa duk tishat ɗin da ya kwaso a gwanjon Ƙofar Wambai. Zuwana na ƙarshe na ga wani bawan Allah a sahun gaba ranar Juma'a da rubutu a bayansa wanda ba zan iya maimaita maka ba, shi bai sani ba liman bai sani ba. In akwai wadda ake shakka ya ɗauki hotonta ya turo min ta WhatsApp in duba. Ka gaida Hajiya da yara.