Tambaya da Amsa: Makarantar yara da zaman unguwa a Saudiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana aiki a wani kamfani a Jidda, bana ya ɗauko mu daga Kano. Ƙaramin ɗana zai cika shekara 6, yayarsa kuma ta gama aji huɗu na firamare a gida. Ina so su shiga makarantar gwamnati, amma duk wanda na tambaya sai ya faɗa mini wani abu daban. Ta ina zan fara?
Maman yara, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta igama, wato katin izinin zama a ƙasar, za ki fara. Rajistar makarantun gwamnati a shafin Noor na Ma'aikatar Ilimi ake yin ta, shafin kuma da lambar igama yake gane yaro. Igamar da ta mutu, ko ranar haihuwar da ta saɓa da ta fasfo, su suka fi mayar da iyaye baya. Rashin biyan kuɗin iyali, wato kuɗin da baƙo ke biyan gwamnati kan iyalin da ke zaune tare da shi, yana iya sa igamar yara ta mutu. An fara karɓarsa a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a 2020. Na yara biyu kenan riyal 9,600 a shekara, ban da naki. Ku riƙa ware shi wata-wata, don idan ya taru yana da wuyar biya.

Na ƙaramin ya fi sauƙi. Mahaifinsa zai buɗe asusun uba a Noor, ya saka lambar igamar yaron, ya zaɓi makarantun da ke kusa da adireshin gidanku. A tanadi takardar haihuwa, katin rigakafi cikakke, da gwajin lafiyar da ake yi wa masu shiga aji ɗaya. Ana buɗe rajista watanni kafin shekarar karatu ta soma, 'yan ƙasa ake fara ba dama, guraben baƙi kuma ba su da yawa. Saboda haka ranar da aka buɗe wa baƙi, a ranar za ku shiga, kuma kada ku kafe a kan makaranta guda.

Yarinyar ce ke buƙatar kulawa. Sakamakonta na Kano ba zai yi aiki haka nan ba sai an buga masa hatimin ma'aikatar ilimi, na ma'aikatar harkokin waje a Abuja, da na ofishin jakadancin Saudiyya, a fassara shi zuwa Larabci a ofishin fassara mai lasisi, sannan a kai ofishin ilimi na yankinku su daidaita ajinta. In ba ku taho da hatiman ba, a aika wa wani ɗan uwa a gida ya bi su tun yanzu. Karatu a nan shekara 6 ne na firamare, 3 na tsakiya, 3 na sakandare, lissafi da kimiyya duka da Larabci ake koyar da su. Yarinyar da ta yi Islamiyya za ta karanta shafi tas, amma fahimtar tambayar lissafi wani abu ne daban. Idan aka ga dacewar a mayar da ita baya da aji guda, shawararmu ki yarda. Ki sa ta halƙar hadda ta mata, wato zaman haddar Alƙur'ani, da la'asar, inda za ta yi ƙawaye, bakinta ya buɗe. A gida kuwa ki riƙe Hausa da su. Larabci zai zo da kansa daga aji da titi, Hausar ce ke zubewa idan uwa ta sake ta.

Tambaya: A gida na saba da ƙungiyar iyaye da malamai, mu yi karo-karo mu gyara aji, mu kai kuka wurin kansila. A nan ji nake kamar hannuna a ɗaure yake. Me baƙo zai iya yi?
Wani mahaifi, Sharar Mansur, Makka

Amsa: Alhaji, niyyarka kyakkyawa ce, amma karo-karon nan a bar shi. Tara kuɗi daga jama'a ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a ƙasar nan, ko da a zauren WhatsApp ne, ga baƙo kuma yana iya kaiwa ga kora. Mai son ba da sadaka ya bi ta manhajar Ehsan da gwamnati ta buɗe a 2021. Zanga-zanga haramun ce, zaɓen majalisun birni kuma da aka yi a 2005, 2011 da 2015 na 'yan ƙasa ne kawai.

Duk da haka ƙofofi suna nan. Makarantu suna kiran taron iyaye, kujerun mutanenmu ne ake yawan gani wayam, wasu don kunyar Larabcinsu. Ka je ko da ɗan uwa mai fassara ne, ka san malamin ajin ɗanka da jami'in da ke kula da tarbiyyar ɗalibai tun kafin wata matsala ta taso. Ka riƙa duba fashinsa da sakamakonsa a Noor. Shara ta taru ko fitilar titi ta mutu, kira hukumar birni a 940 ko ka tura mata hoto ta manhajar Balady. Mai igama kuma yana iya rajista a shafin aikin sa-kai na ƙasa, a Makka kuwa hidimar alhazai ba ta yankewa.

Abu guda da muke roƙon iyaye su sani: dokar kare yara ta 2014 ta ɗauki hana yaro karatu, da barinsa ba takardar shaida, a matsayin cutarwa ko sakaci. Tabon bulala a jikin ɗalibi kuma malami na iya kai rahotonsa. Iyalin da ke neman shawara kan yaro su kira 116111, rahoton cin zarafi a gida kuma 1919.