Jinina mai saurin daskarewa ne, ko zan iya zuwa a zuƙe min kitsen tumbi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 36, haihuwata huɗu. Tun ta ƙarshe tumbi ya ƙi komawa, na sha shayin rage ƙiba har na gaji. Yanzu na tara kuɗi zan je Istanbul a zuƙe min kitsen. Sai dai a jegona na biyu ƙafata ta hagu ta kumbura, aka ce gudan jini ne a jijiya, na yi wata shida ina shan maganin tsinka jini mai suna warfarin. Gwaji ya nuna ina da ƙarancin furotin S, wai gado ne, yayata ma ta taɓa yin irin wannan kumburin. Mai haɗa min tafiyar ta ce ba komai, aikin awa biyu ne, kwana biyar na dawo gida. Me kika gani?
Wata uwa daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki yanki tikitin nan tukuna.

Furotin S birki ne a cikin jini, shi ke hana daskarewa wuce gona da iri. Naki birkin ba ya kamawa sosai, kuma kin riga kin ga aikinsa a ƙafarki. Abu uku ke haɗuwa su haifar da gudan jini: jini mai saurin daskarewa, rauni a jijiyoyi, da rashin motsi. Na farko kin zo da shi daga gida. Na biyu bututun ƙarfen zuƙe kitsen da ake kai da komowa da shi ƙarƙashin fata zai kawo. Na uku kuwa kwanciyar tiyata, da rigar matse ciki, da zaman sama da awa shida a kujerar jirgi za su cike shi. Idan gudan ya ɓalle daga sharaɓa ya tafi huhu, yana iya kashe mutum cikin mintoci, kuma yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda aka yi wa wannan aiki.

Likitocin tiyata na da ma'aunin haɗarin gudan jini mai suna Caprini. Taɓa yin gudan jini maki 3 ne, samunsa a dangi maki 3, ciwon gado irin naki maki 3. Kin tara 9 tun ba a taɓa ki da wuƙa ba, alhali wanda ya haura 8 yana sahun mafi haɗari. Mai haɗa miki tafiya ta tambaye ki ko ɗaya cikin waɗannan? Ita dai kamashonta take jira.

Za ki ce ai sai a ba ni maganin tsinka jini. Ana bayarwa, allurar enoxaparin ce a fata. Matsalar ita ce zuƙe kitse yana barin ɗaruruwan ramuka ƙarƙashin fata, jinin da aka tsinka kuma zai yi ta tsiyaya a cikinsu. Gaba kura baya sayaki ke nan. Idan aikin dole ne, kamar ciro jariri ko ciwon daji, mukan rungumi wannan kasadar. Don tumbi kuwa, ni ba zan sa hannu ba.

Akwai ma wata tambayar: kitse ne kuwa? Kwanta rigingine, ki ɗan ɗago kanki, ki danna yatsu saman cibiya. Idan yatsu biyu ko uku sun nutse cikin wani kwari mai laushi, naman cikin ne ya rabu saboda goyon ciki, zuƙa ba ta gyara shi. Can sai su ce a haɗa da yanke fata da ɗinke naman, wanda ya fi zuƙar haɗarin gudan jini. Likitan gashin ƙashi da motsa jiki na iya koya miki atisayen da ke taimakawa, a nan gida.

Ki fara da likitan jini a asibitin koyarwa, ki tafi da tsofaffin takardunki. Zai duba lokacin da aka yi gwajin, domin juna biyu, da warfarin, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin duk suna sa furotin S ya sauka ko ga mai lafiya. Idan ma kina shan irin wannan ƙwayar, a canza miki ita, ko da tiyata ko babu.

In bayan haka kin dage, to a asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman, da rubutaccen tsarin allura daga likitan jinin, aiki ɗaya tak, kaɗan za a zuƙa, ki tashi ki taka a ranar, kuma likitan jinin ne zai faɗi ranar hawa jirgi.

Duk ranar da ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ƙirji ya soke ki, ko kika yi tari da jini, kada a tsaya shafa man zafi, a nufi sashen gaggawa. Ki gaya wa Yaya ita ma.