Jijiya, laka, da jikin da ya fi kunne ji

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya faɗi, likita ya ce jijiyar ƙafarsa ta taɓu. Ga shi kuma da za a ɗebi jininsa, jijiya aka nema a hannu. Wai jijiyar guda nawa ce? Kuma me ya sa ake ce wa rago, wato malalaci, ba shi da laka?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yata. Kalmar jijiya kaya uku ta ɗauko. Akwai jijiyar jini, wadda ake lalube a ɗebi jini. Akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar bayan diddige. Ta ukun ita likita yake nufi, wato mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Magabata sun gan su duk zare-zare a cikin nama, suka haɗa su a suna ɗaya. A hira wannan ba ya cutar da kowa, amma a gaban likita yana rikita majinyaci, shi ya sa nake son mu riƙa cewa jijiyar laka idan ta ukun muke nufi.

Laka kuwa kada a haɗa ta da ɓargo. Ɓargo yana cikin ƙashi, ita laka igiya ce mai taushi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, tsawonta wajen santimita 45 a jikin baligi. Ita da ƙwaƙwalwa su ne cibiya. Jijiyoyi tagwaye 31 ke fita daga laka, wasu tagwaye 12 kuma daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, irin na gani da na jin ƙamshi. Wasu na kai rahoto sama, wasu na sauko da umarni ga tsoka. Idan laka ta katse, duk abin da ke ƙasa da wurin sai ya daina motsi. Kin ga ke nan wanda ya fara cewa rago ba shi da laka ya san inda ƙarfin motsi yake bi. Cutar shan inna ma ƙwayoyin laka masu motsa tsoka take lalatawa.

Tambaya: Malam, mene ne asalin ma'anar "jiki ya fi kunne ji"?

Amsa: Ana faɗinta ga wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi, sai da wuya ta taɓa shi ya hankalta. Daɗin maganar yana cikin "ji", domin da ita muke jin sauti, da ita muke jin zafi da sanyi da yunwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, a zahiri ma haka jikin yake. Idan yatsa ya taɓa wuta, saƙon na isa laka, ita kuma nan take ta umarci tsoka ta janye hannun, kafin ƙwaƙwalwa ta gama sanin an ƙone. A jijiyoyi mafi sauri saƙo na yin kusan mita 120 a daƙiƙa ɗaya. Wanda kuturta ko ciwon suga ya lalata masa jijiyoyin ƙafa yakan taka ƙusa bai sani ba, har miki ya ruɓe. Saboda haka likitoci ke umartar masu ciwon suga su riƙa duba tafin ƙafarsu da ido kullum.