Filin Likita: Galahanga, Zargin Aljanu da Allurar Rigakafi

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan larurar otizim, wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa suka saba kira galahanga. Sunan bai kwanta mini ba, domin a bakin jama'a ya ɗauki ma'anar wawanci, alhali cikin masu larurar akwai masu kaifin basira, amma tun da shi aka san ta, da shi zan yi amfani.

Wata uwa daga Tudun Wada a Gombe ta rubuto: "Likita, ɗana ya shekara uku bai fara magana ba, sai maimaita abin da aka faɗa masa. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, yini yake yi yana jera murafen kwalba. Uwar mijina ta ce aljanu ne suka shafe shi don na fita da cikinsa da magariba. An yi hayaƙi har mun gaji."

Hajiya, fitarki da magariba ba ta jawo wa yaronki komai ba. Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, kuma yana somawa tun yaro yana ciki, shi ya sa ake samun ta a kowace ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a maza. Ɗora wa uwa laifi tsohon ciwo ne, ba mu kaɗai ba. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana larurar a Amurka a 1943, an shafe shekaru ana cewa rashin nuna ƙaunar uwa ne ke kawo ta, har bincike ya rushe zancen.

Abin da kika lissafa yana cikin alamomin da muke dubawa, tare da rashin haɗa ido, da rashin nuna abu da yatsa, da kaɗa hannuwa, da toshe kunne in an tayar da janareto ko injin markaɗe. Sai dai ba a yanke hukunci ta wasiƙa. Ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ki nemi a fara auna jinsa, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma ba ya amsa kira. Addu'a kuwa ku ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti, amma hayaƙin a dakatar da shi, domin huhun yaro bai jure masa.

Wani magidanci daga Kumo ya ce: "Na ji a WhatsApp cewa allurar ƙyanda ce ke kawo ta. In hana a yi wa jaririyata?"

Malam, kada ka hana. Jita-jitar ta samo asali ne daga wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wanda a 1998 ya wallafa rahoto a mujallar Lancet a kan yara 12 kacal. An gano ya murɗe bayanan, mujallar ta janye rahoton a 2010, aka kuma soke masa lasisin aiki a shekarar. Binciken da aka yi a Denmak a kan yara sama da 650,000, wanda aka fitar a 2019, bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. Abin da ke rikita iyaye shi ne lokaci: ana yin allurar ƙyanda a wata tara da wata 15, alamomin galahanga kuma sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu. Ƙyanda dai tana kisa, tana kuma makantar da yara, wannan ba mu da shakka a kansa.

Wata malamar firamare daga Bajoga ta tambaya: "Wane gwajin jini ake yi, kuma gado ce? Akwai maganin da ke warkar da ita?"

Malama, babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Likita yakan zauna ne ya kalli yadda yaro yake wasa da mu'amala, ya ji tarihin girmansa daga iyaye, kuma ana iya tantancewa tun yana wata 18 zuwa 24. Gado yana da babban kaso, ta hanyar ƙwayoyin halitta masu yawa. Yawan shekarun iyaye, da haihuwar bakwaini, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin goyon ciki suna ƙara yiwuwarta, amma mai shan maganin kada ta daina sai da shawarar likitanta. Maganin warkewa babu shi, kuma duk wanda ya tallata miki shi a kwalba kuɗinki yake so. Abin da ke taimakawa shi ne horon magana da na mu'amala da wuri. A aji kuwa, ki zaunar da yaron a gaba nesa da taga, ki riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ki kuma ajiye bulala.