Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Dattijon Yake Hawaye a Kan Wasan Ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Zariya, ina karatu a birnin Filadelfiya na Amurka, kuma ina haya a gidan wani dattijo da ya haura shekara saba'in. A falonsa ya rataye shafin farko na wata jarida ta ranar 5 ga Fabrairun 2018, ya kuma gaya mini cewa a ranar ya tafi maƙabarta ya ɗora koriyar hula a kan kabarin mahaifinsa. Duk sa'ad da ya ɗauko labarin sai idanunsa su cika da ƙwalla. Ni ma ina kallon ƙwallo, amma abin nasa ya ɗaure mini kai. Me ya faru a wannan lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mai gidan naka magoyin bayan Philadelphia Eagles ne, ƙungiyar birnin a gasar NFL ta ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita. Jaridar kuwa ta washegarin ranar da ƙungiyar ta doke New England Patriots da maki 41 da 33 a birnin Minneapolis ce, ta ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, karo na farko a tarihinta.

An kafa Eagles a 1933, ta zama zakara a 1948 da 1949 da 1960, duk kafin a fara wasan Super Bowl a 1967. Idan ka lissafa, dattijon bai wuce ɗan firamare ba a lokacin nasarar 1960, kuma daga nan sai da aka shafe shekara 57 ana jira. Da a ce ƙungiyar ta lalace ne gaba ɗaya, da mutane sun cire rai sun huta, amma sai ta riƙa kai su bakin gaɓa tana dawowa da su. Ta kai wasan ƙarshe a 1981, Oakland Raiders ta lallasa ta 27 da 10. A farkon shekarun 2000 sau uku a jere ana cire ta a wasan kusa da na ƙarshe, da ta samu ta haye a 2005 kuma, Patriots ta doke ta da tazarar maki uku kacal.

Akwai wani abu game da tsarin gasar da mai kallon Firimiya ba zai lura da shi nan take ba. A Ingila ƙungiyar da ta rasa kofin gasa tana iya rage zafi da kofin FA ko wani kofin Turai, amma a NFL kofi ɗaya ne tak. Haka kuma an tsara gasar ta yadda ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓar sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, domin kowa ya samu rabonsa. Saboda haka magoyin bayan Eagles ba shi da uzurin cewa masu kuɗi sun danne su. Abokan hamayyarsu uku na rukuni ɗaya, wato Dallas da New York Giants da Washington, sun tara kofi 12 a tsakaninsu, su kuwa ko ɗaya babu kafin 2018, kuma gorin da suka sha a kan wannan ba kaɗan ba ne.

Yadda nasarar ta zo ya ƙara mata armashi. A watan Disamban 2017 Carson Wentz, mai jefa ƙwallon da ke jagorantar kai hari, ya ji rauni a gwiwa, aka ɗauko Nick Foles daga benci, mutane da yawa suka ce kakar ta ƙare. Gab da hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe, saura yadi ɗaya a ci, kuma dama ɗaya ta rage, Foles ya matsa gefe kamar mai ba da umarni, aka miƙa ƙwallon ga wani, shi ma ya miƙa wa Trey Burton, Burton ya jefa wa Foles da ya sulale ba mai tsaronsa, ya cafe. Duk da haka Patriots ta dawo ta shiga gaba da 33 da 32, Tom Brady, mai jefa ƙwallon Patriots, kuwa ya yi jifa na yadi 505 a daren. Sai da ya rage 'yan mintoci Zach Ertz ya ci wa Eagles, sannan Brandon Graham ya kaɓe ƙwallon daga hannun Brady. Zai yi maka daɗi ka san cewa Nelson Agholor na Eagles, haifaffen Legas, ya cafe ƙwallo tara a wasan.

A daren jama'a sun cika titin Broad, suna hawa turakun fitilun titi duk da man da 'yan sanda suka shafa musu don kada su hawu. Batun kabari kuwa, ba mai gidanka kaɗai ya yi ba, domin mutane da dama a birnin sun kai huluna da riguna kaburburan iyayensu a wannan mako. A can goyon bayan ƙungiya gado ne, uba ke kai ɗansa filin wasa, su zauna cikin sanyin hunturu suna cewa baɗi sai mu. A ganina hawayen dattijon na mahaifinsa ne, wanda suka yi jiran tare amma bai ga ranar ba. Eagles ta sake ɗaukar kofin a Fabrairun 2025 bayan ta doke Kansas City Chiefs 40 da 22, amma ka lura jaridar 2018 ce a bangonsa. Idan ka samu sarari, ka tambaye shi a wane ɓangaren fili suke zama shi da mahaifin nasa.