Daskarar da ƙarin sankarar mama a maimakon tiyata

'Yar'uwa, kin tambaya ko za a iya daskarar da ƙarin da aka gano a maman mahaifiyarki a bar tiyata. Ana yi, amma ba kowace mace ce ta dace da shi ba.

Likita kan kashe zafin wurin da allura, ya soka siririn bututu cikin ƙarin yana dubawa ta na'urar sikanin, sannan ya sa ruwan nitirojin mai tsananin sanyi ya zagaya a cikin bututun har ƙanƙara ta lulluɓe ƙarin. Akan bari ta narke a sake daskarar da ita, domin wannan sauyin ne yake farfasa ƙwayoyin cutar, kuma yawanci ranar mace ke komawa gida.

A binciken ICE3 na Amurka, wanda ya bi mata 194 masu shekara 60 zuwa sama da aka daskarar musu da ƙarin, ƙarinsu bai wuce santimita 1.5 ba kuma irin mai jin maganin homon ne (wato maganin da ke hana sinadarin jikin mace ciyar da ƙarin), cutar ta dawo a wannan maman ga kusan kashi 4 cikin 100 a shekara 5.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, tunda ba a ciro ƙarin, babu damar duba gefensa a tabbatar ba a bar komai ba. Saboda haka sai likitanta ya tantance girmansa da nau'insa, kuma maganin homon da hoton mama akai-akai ba sa faɗuwa.