Me ya sa shirin rage ƙibar yara a makarantarmu bai yi tasiri ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni shugabar wata firamare ce mai zaman kanta a Kaduna. Shekara guda ke nan muna motsa jiki duk ranar Laraba, mun liƙa hotunan kayan lambu a azuzuwa, mun kawo nas ta yi wa yara bayani. Da muka sake auna su sai muka ga masu ƙibar sun ƙaru. Akwai 'yar shekara 9 da ba ta iya hawa bene sai ta tsaya ta huta. Abin yana hana ni barci. A ina muka kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba ku kaɗai ba ne. A Ingila an gwada shirin da ya fi naku girma a firamare 54 a yankin West Midlands, da ƙarin motsa jiki da koyar da girki, amma sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna ƙibar yaran ba ta ragu ba. Yaro ya fi ɗaukar abin da yake gani kullum a makaranta a kan abin da aka liƙa masa a bango.

Gobe idan an tashi tara, ki tsaya a bakin get ki ga inda kuɗin tara yake tafiya: biskit, fanke, alawa, lemon roba. Robar lemo mai 50cl tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10. Ki leƙa ofishin malamai, irinta ce a kan tebur. Ki duba jadawali, sau nawa aka cinye lokacin wasanni da darasin shirin jarrabawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki a kowace rana, ku kuwa kun ware Laraba kawai. Kuma muddin tsallen kwaɗo ne horon mai laifi, yaro zai ɗauki motsa jiki a matsayin azaba. Ku bar su su yi langa da tsallen igiya kullum.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yanzu mu manya muna ganin ƙiba alamar lafiya da jin daɗi ce. Kusan kullum sai an kawo mini yaro lafiya lau, tsayinsa da nauyinsa daidai da shekarunsa, uwar tana kukan wai ya rame, dangin miji suna cewa ba ta ba shi abinci. A makaranta ma malama za ta ja kumatun mai ƙiba tana cewa "tubarkalla, ɗan gata", siririn kuma a tambaye shi ko ba a girki a gidansu. Uwar da aka yi wa wannan gorin kemis take nufa, mai kemis kuma ya miƙo mata "sha ka fashe" ba tare da ya ga yaron ba. Sau da yawa dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara ruwa da kitse a jiki, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki, ya tauye tsayin yaro. Kumburin da ake yi wa barka ɗin nan illar magani ce. Masu sayar da shi ga yara don ƙiba su ji tsoron Allah, amanar 'ya'yan mutane suke ci. Iyaye kuma su sani za a tambaye su a kan abin da suka ɗura wa yaron da bai san komai ba.

Don haka ki fara da taron iyaye da malamai, ki faɗi wannan ɓaro-ɓaro. A daina auna yara a gaban 'yan ajinsu, tsokana ce kawai take biyo baya. Ita kuma yarinyar nan, ki kira mahaifiyarta ku keɓe, a kai ta asibiti a duba sukarinta da jininta. Ki tambayi mahaifiyar cikin hikima ko ana ba yarinyar wani magani. Idan ana ba ta, kada a yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya jefa ta cikin haɗari. Likita ne zai riƙa rage shi a hankali.